Wa Ya Yanka Tauren Turai

Gwadabe mutum ne da ba ya ƙaunar ya ga yaro a zaune. In ya hango jikarsa Turai ta miƙe ƙafa a gindin rumbu tana wasa da 'yar tsanarta ta kara, sai ka ga hankalinsa ya tashi kamar an sako shanu a gonarsa. Shekararta bakwai, amma ita ce mai share gaban coci ran Asabar, ita ce mai ɗauko masa tabarau ran Lahadi. Sauran kakanni wasa ne tsakaninsu da jikoki. Shi ma yakan taɓa, yakan kira ta amaryarsa, ya ce tuwonta ba ya nuna. To amma wasan Gwadabe ba ya ƙarewa sai da wa'azi a gindinsa. "Abin da aka damƙa miki, ke za a tambaya," haka yake ce mata safe da yamma. "In kin yi daidai ki ce ni ce, in kin ɓata ma ki ce ni ce." Dattijo ne a 'yar cocin unguwarsu da ke bayan Zoza, kuma ba jikarsa kaɗai ke shan wannan karatu ba, har masu furfura sun sha.

Yana da ƙane guda, Sulle, uwa ɗaya uba ɗaya. Gidan ubansu gidan Maguzawa ne. Da tsohon ya rasu, Gwadabe ya bi masu bishara, Sulle kuwa ya musulunta, ya haye rafi ya koma cikin gari, har aka shiga ce masa Malam. Sun daɗe ba mai taka ƙofar wani. Abin da ya gyara tsakaninsu ba wani babban sulhu ba ne, yanka ne. Wata shekara Gwadabe ya aika ya ce ga akuyar Kirsimeti nan, ko Sulle zai zo ya yanka da hannunsa don mutanen gidansa ma su samu ci. Sulle ya zo da wuƙarsa. Tun daga nan abin ya zauna: ran jajibiri Sulle ya zo ya yanka, ran Kirsimeti bayan an tashi daga coci Gwadabe ya haye da shinkafa da nama, su zauna a zauren Sulle su sa hannu a kwano ɗaya. Ba sa zancen addini, ba sa tono na baya. Kwanon nan shi ne zumuncin nasu, in ka ɗauke shi ba wani abin da ya rage.

Shekarar da nake ba ku labari ciwo ya shiga awakin unguwar ya kwashe su. A gidan Gwadabe ɗan taure ɗaya ne ya tsira, ja mai farin goshi. Da farkon damina tsohon ya kira Turai ya miƙa mata igiya.

"Daga yau har Kirsimeti naki ne. Cinsa da shansa, ɗauri da kwancewa, duk ke ce. A ƙafa ake ɗaure akuya, ba a wuya ba, kuma nesa da katanga. Kin ji ni, amarya?"

"Na ji, Kaka."

Ta kuwa ji. Da damina ta yiwo masa ciyawa, da kaka ta ba shi harawa da dusa, ta jefa masa 'yar kanwa a ruwa kamar yadda aka nuna mata. Taure ya yi ɓul-ɓul, gashinsa har ƙyalli yake. Gwadabe ya shiga kawo ta misali a duk inda ya zauna, har iyayen sauran yara suka soma jin haushin yarinyar da ba ta yi musu komai ba.

Ana gobe jajibiri, da la'asar, yara suka taru a coci koyon waƙar da za su rera. Matan gidan sun tafi niƙa. Turai tana tsakar gida ita kaɗai tana fama da ƙullin ƙafa, tauren yana fizgewa, sai ta jiyo an fara buga tulu da ganga. Ƙulli ya kwance mata, ta sake, ya sake kwancewa. Sai ta zarga masa igiyar a wuya, ta ɗaure a turken da ya fi kusa, wanda ke jikin guntuwar katangar bayan gida, ta sheƙa da gudu. A bayan katangar nan kuwa maƙwabta sun shanya harawar wake.

Gwadabe yana gona a lokacin. Hammawa, Bafulatanin da ke sauka da shanunsa a gonar kowace kaka su zuba mata taki, ya tashi ran nan da hantsi ya nufi kudu, tsohon kuma ya tsaya tattara kara. Da ya dawo ya zagayo ta bayan gida, sai ya yi kiciɓis da tauren rataye a jikin katanga, harshe a waje. Ya yanke igiyar ya kwantar da shi. Jikin da sauran ɗumi. Ya taɓa idon da yatsa, ko ƙiftawa. Wanda ya tsufa cikin dabbobi ba ya bukatar a gaya masa abin da yake gani.

Yana tsugune a nan Turai ta dawo tana 'yar waƙarta. Ta tsaya cik. Ta dubi tauren, ta dubi guntun igiyar da ke lilo a katanga.

"Kaka, ni ce," ta ce. "A wuya na ɗaure shi."

Kun ga dai, yarinya ta yi abin da aka daɗe ana koya mata, tun ba a tambaye ta ba. Abin da ya rage wa Gwadabe shi ne ya ce madalla, su haƙa rami su binne mushe, a ci Kirsimeti da miyar kuka. Ba a taɓa jin wanda miyar kuka ta kashe ba. Amma sai tunani ya taso masa bi da bi. Gobe uban yarinyar zai iso daga Kano inda yake aikin masaƙa, kuma hannunsa ba ya da wuyar tashi. Gobe Sulle zai ƙetaro da wuƙa ya tarar ba abin yankawa. Daga baya Gwadabe ya so ya gaya wa kansa cewa don yarinyar ya yi abin da ya yi, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma babban abin kunya ce. A ce a gidan Gwadabe, mai koya wa jama'a riƙon amana, akuya ta mutu a igiya? A ce ita ce jikar da ake ta cika mana baki da ita? Ya san waɗanda za su yi dariya, ya san su da sunayensu.

Ya jawo tauren cikin gida, ya zaro wuƙa ya sa masa a wuya. Jinin bai yi tsartuwa ba. Ya dai ɗan gangaro baƙi-baƙi, ya tsaya.

"Share hawayenki," ya ce, bai dube ta ba. "Hammawa ne ya yanka shi. Duk wanda ya tambaye ki, Hammawa ne."

"Kaka, ai Hammawa ya tafi."

"Kafin ya tafi ya yanka. Kin ji ko ba ki ji ba?"

Ta dube shi, sannan ta ce ta ji.

Kafin mata su dawo ya feɗe, ya watsa toka a inda ya yi aikin. Ya sami mai shiga gari ya ba shi saƙo, a gaya wa Malam kada ya wahalar da ƙafarsa gobe, Hammawa ya biyo zai wuce an sa shi ya yanka. Amsa ta dawo cewa madalla, Allah ya kai mu jibi. Tani, matar Gwadabe, ita ce ta tsaya tana jujjuya naman a ƙwarya kafin ta soya.

"Maigida, naman nan bai yi duhu ba kuwa?"

"Duhun idonki ne. Soya ki bar surutu."

Ta soya. Amma ta ƙara masa tafarnuwa da citta fiye da kullum, kuma ba ta ɗanɗana ba.

Ran Kirsimeti coci ta cika har waje. An ƙawata ƙofa da zangarniyar dawa, matan zumuntar coci sun sha anko, har waɗanda ba a ganinsu sai shekara-shekara sun zo sun kama bencin gaba. Gwadabe yana zaune wajen dattijai cikin farar rigarsa, gumi na tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi. Su ma a cocin ba sa cin abin da igiya ta shaƙe, ya sani, shi da bakinsa ya sha faɗa wa sababbin tuba. Yara suka fito suka jeru. Ya yi tsammanin zai ga Turai a takure, fuska ba walwala, har ya shirya jin tausayinta. Ina! Tana sahun gaba cikin sabuwar atamfa, muryarta ta fi ta kowa tashi, tana tafi tana rausaya. Wannan ya fi damunsa, ko da yake bai san dalili ba tukuna.

Da aka zo rufewa Fasto ya ce Baba Gwadabe ya yi addu'a. Mata suka gyara zama, don kowa ya san addu'ar Gwadabe sai abinci ya huce a gida. Tsohon ya miƙe, ya ce Ubangiji ya ji tausayinmu, ya sake cewa ya ji tausayinmu, ya ce amin ya zauna. A bakin ƙofa samari suna ta yi masa tsiya wai yau ƙamshin taure ya fi ƙarfin Baba. Ya yi yaƙe ya wuce.

Tani ta zuba shinkafa a babban kwanon sha mai murfi, ta jera tsoka a kai, ta ɗora wa Turai bisa gammo. Jika na gaba, kaka na biye da sanda. A hanya Gwadabe ya yi ta kallon kwanon nan. Abin kunya ne a faɗa, amma har fata ya yi yarinyar ta yi tuntuɓe. Ga saiwoyi a hanya, ga gangaren rafi, ga yashi mai zamewa. Da kwanon zai kife, da shi ke nan, ya yi ɗan faɗa, a ba Sulle haƙuri, magana ta mutu. To amma shi ya koya mata ɗaukar kaya. Ta sauka rafin ta hau, ko romo bai ɗiga ba.

Sun tarar da Sulle a zaure kan buzunsa, da 'ya'yansa maza biyu da wani maƙwabci. Aka yi sallama, aka shimfiɗa wa baƙo tabarma.

"Yaya, barka da zuwa. An yi biki lafiya?"

"Lafiya lau, Malam. Ya ƙafar?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi. Ya mutanen gidan? Ya su Tani?"

"Suna gaishe ku."

Turai ta durƙusa ta sauke kwano a tsakiya, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya. Sulle ma kakanta ne, don haka shi ma yana da hakkin tsokana, kuma ba ya barin hakkinsa.

"A'a, amarya, irin wannan ado haka? Ki rabu da tsohon nan ki dawo gidana, ba ki ga haƙoransa sun ƙare ba?" Ya buɗe murfin, tururi ya tashi. "An ce ke kika yi kiwon tauren nan da kanki. To ni dai bana an yi mini ƙwacen aiki. Gaya mini gaskiya, Hammawan nan ya iya yanka kuwa, ko dai shanu kawai ya iya bi?"

Wasa yake yi, ba amsa yake nema ba. Da Turai ta yi murmushi ta sunkuyar da kai, da ya wadatar. Amma sai ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Ya iya, Kaka Malam. Ya kwantar da shi ya juya shi gabas, ya yi bisimilla. Ni na riƙe masa ƙafar baya. Jini ya yi ta tsartuwa har ya ɓata mini zane, sai da Inna ta wanke."

Muryarta ko rawa. Gwadabe ya dube ta. Shi kalma ɗaya ya ba ta, sunan Hammawa. Gabas ɗin nan, da bisimillar, da ƙafar baya, duk ita ta nemo su, daga abin da ta saba gani Sulle yana yi a tsakar gidansu. Ta ɗinke maganar tsaf, ba inda iska za ta shiga. An ba ta aiki ne, ta kuwa yi shi da kyau, kamar yadda take yin kowane aiki.

Zauren ya ɗauki dariya. Sulle ya girgiza kai yana jin daɗi.

"Kai, yarinyar nan akwai hankali. Yaya, wannan tarbiyyarka ce, ba ta kowa ba."

Ya jawo buta ya wanke hannu, ya matso, ya yi bisimilla, ya ɗauki tsoka. Hannun yana hanyar baki Gwadabe ya cafke shi.

"Ajiye, Sulle."

Rabon da ya kira shi da sunansa a gaban mutane har an manta. Kowa ya tsaya.

"Lafiya, Yaya?"

"Mushe ne."

Ya sake faɗa. Sauran kuwa kansa a ƙasa ya faɗe su, yana kallon saƙar tabarma. Igiya ce ta shaƙe tauren. Ya riga ya mutu na sa masa wuƙa. Hammawa bai ko gan shi ba, yana can hanyar kudu. Yarinyar nan ta gaya mini gaskiya tun a wurin, ni na ce ta faɗi wannan.

Maƙwabcin ya shiga neman takalmansa da ido. Babban ɗan Sulle ya dubi Gwadabe ya ce, "Inna lillahi! Yanzu Baba, mushe za ka..." Uban ya ɗaga masa hannu, ya haɗiye sauran.

Sulle ya mai da tsokar cikin kwano a hankali. Ya ce a kawo masa sabulu. Ya wanke yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, ya wanke tafin, ya haura har wuyan hannu, ana zuba masa ruwa, kowa na jin ƙarar zubarsa a kasko. Da zagi ya yi, da Gwadabe ya fi samun sauƙi.

"Yaya," ya ce daga bisani, "da ka aiko ka ce mini ya mutu, ai da na ce ka taho da shinkafar haka nan, mu ci da mai da yaji. Kai a ganinka duk shekarun nan nama nake bi?"



Sulle ya ɗauki murfi ya rufe kwanon, ya tura shi gaban wansa da bayan hannu.

"Ka kyauta da ka riƙe ni. Allah ya sani ka kyauta. Baɗi in muna da rai, ka aiko da dabbar da ranta. A yanka a nan, a dafa a nan. Sai ka zo mu ci."

Ba kora ba ce, kowa a zauren ya gane haka. Amma kowa ya kuma gane cewa tukunyar gidan Gwadabe ta gama shigowa gidan nan, maganarsa ma ta daina isa shaida. Tsohon ya ce to. Ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa, aka amsa masa da ladabi, ladabin da ya fi mari ciwo.

Turai ta sunkuya za ta ɗauki kwanon, ya ce ta bari. Ya ba ta sandarsa, ya rungumi kwanon da hannu biyu. A garin nan kwanon da aka kai wa mutum abinci yakan dawo da ɗan goro ko gyaɗa a ciki, ba ya dawowa da nauyinsa. Ga shi kuma dattijo ne da farar riga ya rungumo shi, jika na biye ba kaya sai sanda. Masu zama a bakin hanya suna ta yi masa barka da biki, yana amsawa, yana ganin idanunsu na sauka kan murfin. Bai taɓa sanin layin nan yana da tsawo haka ba.

Sai da suka gangara rafi, inda ba kowa, ya ji sheshsheƙa a bayansa. Ya juya. Turai ta tsaya a cikin yashi, hawaye sun jiƙa gaban sabuwar atamfar.

"Kaka, ban faɗa daidai ba ne?" ta ce. "Tun jiya nake ta maimaitawa a bayan rumbu don kada in ɓata maka. Wanne ne na yi kuskure?"

Gwadabe ya ajiye kwanon a ƙasa. Ya durƙusa a gabanta, fuskarsa daidai da tata.

"Ba ki yi kuskure ko ɗaya ba," ya ce. "Turai, ki yafe mini."

Yarinyar ba ta taɓa ganin babba ya durƙusa wa yaro ba, kuma ba wanda ya taɓa koya mata abin da ake cewa in an yi haka. Kukan ya tsaya mata cak. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta hango wasu mata sun doso gangaren da tuluna. Ta matso da sauri ta tsaya tsakaninsa da su, tana ƙoƙarin kare shi da ɗan jikinta, ta kama hannun rigarsa tana ja.

"Kaka, tashi," ta ce a hankali. "Don Allah tashi, mutane na zuwa."